Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Harbin Salansar Fijon Baba

A makon jiya na tsaya a rasuwar Baba, Allah ya jiƙansa. To motarsa, Fijo 504, hannun Kawu ta koma, ni kuwa aka bar ni da wanki da duba mai.

Ba ta yi wata uku ba ta fara misin. Injin na karkarwa, in an saki totur sai ka ji tau! daga salansa kamar bindiga. Kawu ko bonet bai buɗe ba ya ce, “Kai ne ka taɓa kafireta.” A gaban Inna ya faɗa, da ƙannena a tsaye. Wallahi ban taɓa ta ba.

Baba kullum cewa yake, a duba wuta kafin a zargi mai. Na faɗa wa Kawu haka, ya ce yaro man kaza. Sau uku makanikinsa na kwance kafireta yana wankewa, harbi na nan.

Ranar da Kawu ya yi tafiya na tayar da ita, na riƙa zare wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya, ina riƙewa da tsumma don wutar na fizga. Kowacce na zare sai injin ya ƙara rawa, ban da ta uku: ko gezau. Na kwance fulogin, baƙi ƙirin, jiƙe da fetur. Ashe silinda ta uku ba ta ƙona mai, ɗanyensa take turawa cikin salansa mai zafi, can yake kamawa ya fashe. Da ta bakin kafireta take tari, da sai in ce mai ya yi ƙaranci ko taimin, wato lokacin ba da wuta, ya goce. Wannan ta baya ce.

Murfin distirbuta, mai raba wa fulogai wuta, shi ne ya tsage, wani siririn layi baƙi a cikinsa, ta nan wutar ke sulalewa. Na canza shi, na canza fulogin, na mayar da wayoyi a jerinsu, 1-3-4-2, na gyara tazarar kwantak, ɗan bakin da ke buɗewa da rufewa a cikin distirbuta, zuwa milimita 0.4. Misin ya ɗauke.

Shekaru bayan nan, da ɗana ya rikita wayoyi biyu a tasa motar, maganar Baba na maimaita masa, sai na ji muryata ta koma tasa. Amma wannan na gaba ne.

Ɗan tas-tas ɗin da ya rage a gangara, gasket ɗin bakin salansa ne ya ƙone yana shaƙar iska. Baƙin hayaƙi a gefensa ya tona shi.

Kawu ya dawo, ya murza makulli, ya saurara. Ya juya wajen Inna ya ce, “Kin ji ko? Wankin kafiretan nan sai yanzu ya kama.” Har ya koma ga Allah bai janye maganar nan ba. Na yafe masa, amma Inna ta rasu tana zaton ni na lalata motar.

Mako mai zuwa, yadda aka sayar da ita ban sani ba.