Wa ke riƙe da ruwan fadamar Nguru?

A 2020 UNESCO ta saka fadamar Hadeja, Nguru da Bade cikin jerin wuraren da ake kare halittunsu ba tare da an kori masu cin abinci a wurin ba. Tsarin ya yi mini. Akan ware tsakiya a bar wa namun daji da tsuntsaye, a yi mata shinge da yankin da ake taƙaita aiki, sauran kuma a ci gaba da noma da su da kiwo. Duk wanda ya je Dagona, wani yanki na fadamar, da hunturu, ya ga tsuntsayen da suka ƙetaro Sahara daga Turai sun rufe ruwa, ba zai ce a bar wurin kara zube ba.

Inda nake da ja shi ne, da an ce "kariya" sai ido ya koma kan masunci da Bafulatani da mai saran itace. Alhali babban abin da ke cin fadamar nan daga sama yake gangarowa. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974, na Challawa ya biyo a 1992, kogin Hadeja ya daina halinsa na da: ya cika ya batse da damina, ya janye da rani ya bar laka a shuka. Yanzu ruwa na tsiyayowa kaɗan-kaɗan duk shekara, abin da kachalla ke so ke nan.

Ciyawar nan ta fi mutum tsayi. Ta toshe hanyoyin ruwa, wani gari ambaliya ta cinye gonakinsa, na gaba da shi kuma ko na ban-ruwa babu. Kwalekwale ba ya ratsa ta. A cikinta jan-baki ke kwana, gari na wayewa su faɗa wa shinkafa, yara na kaɗa gwangwani har muryarsu ta dushe. Na ga magidanta sun yi gayya, ruwa iya ƙirji, suna sara da adda, matsattsaku na shan jininsu. Kafin a jima ta sake tofowa.

Ba na ƙin noman rani na Kadawa da Kura da ake yi da ruwan Tiga, tumatirinsu muke ci. Amma ranar da za a zauna tsara yadda za a riƙa sakin ruwan Tiga, a ajiye wa sarkin ruwa da ardo kujera, su faɗi watan da suke buƙatarsa.