Zanen gawayi da alli ba ya son takarda mai sheƙi

Yawancin aikin shagona a Jos hotunan biki ne da takardun shaidar kammala karatu: mu buga, mu sa a firam. Amma da Kirsimeti ta gabato sai majami'u su fara kawo odar hotunan addini, kuma wanda na fi jin daɗin aikinsa shi ne wani zanen Leonardo da Vinci da ke National Gallery, gidan adana zane-zane a Landan. Maryamu ce zaune a cinyar mahaifiyarta Hannatu, tana riƙe da Yesu, ga Yohanna Mai Baftisma yana yaro ya jingina a gefe.

Ko ɗigon fenti babu a jikinsa. Gawayi ne da farin alli a kan takardu takwas da aka manne wuri guda, tsayinsu ya haura santimita 140. Ka dubi fuskar Hannatu da kyau: idanun sun nutse cikin duhun gawayi, sai ɗan alli a goshi da kumatu, shi ke nan fuska ta taso kamar za ta yi magana. Hannunta kuwa, wanda ke nuna sama, layi ne kawai, ba a cike shi ba. A nan muke samun rigima da masu saye. Wani dattijo ya taɓa ce mini, "Yarona, injinka ya cinye hannun." Na ce, "Baba, haka mai shi ya bar shi, sama da shekara 500 ke nan."

Takarda mai sheƙi tana kashe irin wannan aiki, inuwar ta dunƙule ta zama baƙi ƙirin. Marar sheƙi nake sawa ko da ta fi tsada, kuma ban yarda da firam mai ruwan gwal ba, katako mai duhu ya isa. Sai kwali a zagaye don kada gilashi ya taɓa takardar, a liƙe bayan ruf saboda ƙurar hunturu.

Na ainihin ma a ɗaki mai ƙarancin haske ake ajiye shi, don haske na cin takarda. A 1987 wani ya harbe shi da bindiga, gilashin kariya ya tarwatse ya yi masa rauni a rigar Maryamu, aka shafe fiye da shekara ana gyara. Namu kwafi ne, amma duk da haka kafin in miƙa sai na tambayi mai shi bangon da zai rataya, in yana kallon taga in ce a sake wuri.