Takarda goma sha huɗu da akawu ɗaya

Da malaman jami'a suka tafi yajin aiki a watan Fabrairun 2022, ina aji huɗu a tsangayar shari'a ta ABU Zariya, can harabar Kongo. An ce sati huɗu ne na gargaɗi, sai ga shi an kai Oktoba. Wata uku na yi ina juyi a ɗakinmu na Tudun Wada, daga barci sai latsa waya, har ranar da Baba ya leƙo ya ce, "Malam lauya, a kan tabarma za a koyi shari'ar?" Washegari na fara neman ofishin lauyoyin da zai karɓe ni in ga yadda ake aikin.

Takarda ɗaya na rubuta, mai cike da manyan kalmomin Turanci, na je shagon kwamfuta aka buga mini guda goma sha huɗu, sunan ofis kawai ake canjawa. Kwana biyu ina taka sayyada tsakanin titin Ahmadu Bello, Yakubu Gowon da Ali Akilu a cikin garin Kaduna, ina hawa bene ina sauka, ina miƙa ambulan. Wasu kuma na tura musu ta imel. Shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa.

Waya ɗaya tak aka yi mini, ita ma da ba a yi ba ya fi. Sakatariyar wani ofis ce. Ta ce ambulan ɗin dai nasu ne, amma takardar da ke ciki sunan maƙwabtansu ke kanta, kuma na gaida mai ofishin da gaisuwar namiji alhali mace ce. Ta ce, "Ƙanena, mu aikinmu duk takarda ne. Wanda ya kasa duba tasa, wa zai damƙa masa ta wani?" Na yi godiya, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ba zan ɓoye ba, sanayya tana aiki. Wani abokina kawunsa ya ɗaga waya sau ɗaya, Litinin ya fara zuwa ofis. Na yi kwana biyu ina jin haushinsa, kamar shi ya hana ni. Amma haushi ba ya sama wa mutum kawu.

Abin da na yi daga baya, rashin abin yi ne ya sa ni, ba dabara ba. Na fara zuwa Babbar Kotun Jiha da ke titin Bida, tunda zauren kotu a buɗe yake ga kowa. Kafin ƙarfe tara ina can da farar riga da baƙin wando, in duba jerin shari'o'in ranar, in sami benci a baya. A nan na gane cewa ofisoshin da na yi wa kuɗin goro ba iri ɗaya ba ne: wani rikicin filaye ya fi yi, wani bashin banki, wani kuma laifuka. Na ga yadda ake fara kiran shari'ar mai muƙamin SAN, wato babban lauyan Najeriya, kafin ta sauran, na ga yadda ƙaramin lauya ke miƙewa ya sanar da kansa murya na rawa. Na kuma lura da wasu mutane da ba sa sa gashin lauya, amma ba abin da ke motsi sai da su, wato akawunan ofisoshi, masu ɗaukar jakar fayil, masu shiga rajista, inda ake shigar da takardun kotu, su fito.

Ɗaya daga cikinsu, dattijo mai furfura a gemu, shi ya fara yi mini magana bayan na riƙe masa jaka yana neman wata rasit. Da na gaya masa labarina ya yi dariya har da tafa hannu. "Yaro, irin takardarka kwali guda gare mu. Oga da safe yana kotu, kai kuma da safe kake zuwa. Ka zo bayan La'asar. Ka rubuta shafi ɗaya: ajinka, ranar da za ka fara, ranar da za ka gama, da abin da ya sa mu ka zaɓa. Maganar kuɗi kuma kada ka tayar, in ya ga dama zai ba ka na mota."

Haka na yi. Sati shida na nema, na ambaci shari'arsu ta fili da na zauna na saurara sau biyu. Ogan bai ko kalli sakamakon jarrabawata ba. Ya ɗago ta saman tabarau ya ce, "Me ya sa aka ɗage ta ranar Talata?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ba a kai wa wanda ake ƙara na biyu sanarwar zaman ba." Ya ce in zo Litinin, kuma duk abin da na gani a fayil ya tsaya a ofis, ko mahaifiyata kada ta ji.

Ƙannena da ke Kongo suna cewa ai Makarantar Horar da Lauyoyi za ta tura mutum kotu da ofishin lauya da kanta, to me zai sa a wahala tun yanzu? Gaskiya ne za ta tura. Sai dai wannan 'yan makonni ne, kuma wanda ya riga ya san hanyar rajista ba ya ɓata rabinsu wajen tambayar ina ake biyan kuɗin shigar da takarda.

A satina na ƙarshe dattijon ya sa ni gyara kabad. Can ƙasan kwalin da ya faɗa na tsinci takardata ta farko, ɗaya daga cikin goma sha huɗun nan. An buɗe ta kam. A bayanta ya rubuta lambar wata shari'a da ranar da aka ɗage ta.