Abin da bazara ke koya wa mai lambu a Damagaram

Duk wanda ya daɗe yana aikin lambu a Mirya ko Gidimuni ko kwarin Korama ya san ma'aunin zafi na tsakar rana yaudara gare shi. A Afrilu da Mayu, Damagaram da Maraɗi da Tawa da Yamai duk suna kewayen digiri 40 zuwa 42 da azahar, sai mutum ya ɗauka bazarar ɗaya ce. Shuka kuwa wasu abubuwa take ji: ko dare yana sanyaya ta, ko iskar busasshiya ce ko mai damshi, da kuma kwana nawa suka rage kafin ruwan farko. A nan ne garuruwan suke rabuwa, kuma a nan ne wanda ya ari kalandar wani gari yake asarar iri da wahalarsa.

Aron kalanda mafi tsada shi ne na bayan gwangwanin iri. Yawancin irin salati da karoti da kabeji da ake sayarwa a kasuwar Dole daga Turai yake zuwa, kuma watannin da aka rubuta a jiki na can ne. Lokacin zafinsu, Yuni zuwa Agusta, daminarmu ce. A Paris zafin rana a Yuli kimanin digiri 25 ne, alhali a Damagaram ko a Janairu, tsakiyar ɗari, rana tana kai 29 ko 30. Wato abin da Bature yake kira zafi bai kai ɗarinmu ba. Tsawon yini ma haka: a can yana kai awa 16 a Yuni, a nan bai wuce 13 ba. Shi ya sa albasar da aka ƙirƙira don dogon yini take yin ganye shar ta ƙi yin kai, 'yar Galmi kuwa ta yi.

Zafin dare shi ne mai kashe tumatir a ɓoye. Idan rana ta haura digiri 35, dare kuma ya ƙi sauka ƙasa da 22 zuwa 24, garin furen yana lalacewa, furen ya bushe ya kaɗe. Mai lambu yana ganin itace kore, ya ƙara taki, ya ƙara ruwa, 'ya'ya babu. A Maris daren Damagaram yana ɗan sanyi, saboda iskar a bushe take kuma garin yana sama da mita 400 daga teku, ya fi Yamai da ke bakin kogi tudu. Zuwa Mayu damshi ya fara shigowa daga kudu, dare ya tsaya kan 26 ko 27, wannan ƙofar ta rufe. Lissafin a baya ake yinsa: reno a Oktoba, dashe a Nuwamba bayan kwana 25 zuwa 30, fure ya faɗo cikin Disamba da Janairu. Dashen ƙarshen Janairu caca ne. Dankalin turawa ya fi tsanani, domin ƙasa tana kai digiri 29 ko 30 yake daina ƙulla 'ya'ya. Yana bukatar kwana 90 zuwa 100, don haka in bai shiga ƙasa ba tsakanin tsakiyar Nuwamba da tsakiyar Disamba gara a haƙura.

Masu lambun Ayar, a Timiya da Tabelot da kan dutsen Bagzan, ba su da wannan ƙunci, tsawon dutse yana ba su sanyin dare. Suna noma albasa da damina su fito da ita kasuwa a Oktoba da Nuwamba, daidai lokacin da ta Galmi ta yi ƙaranci. Jos ma, da ke kimanin mita 1,200, dankali take yi da damina. Wanda ya ga haka ya ce zai kwaikwaya a Bande ko Matamaye, ruɓa zai girbe.

Ruwa shi ne babban darasi. A watannin ɗari fangali yana shan kimanin lita 5 zuwa 6 a kowane murabba'in mita a yini. A bazara yana kai 8 zuwa 10. Fangali mai faɗin mita 1 da tsawon mita 10 ke nan yana son lita 80 zuwa 100 kullum, bokiti takwas zuwa goma masu lita goma. Mai fangali talatin ya auna rijiyarsa tun Fabrairu, ya rage fili kafin rijiyar ta rage masa. Fangali goma da suka ƙoshi sun fi talatin masu ƙishirwa, amma mutane kaɗan ne suke yarda su bar abin da suka riga suka shuka.

Yadda ake zuba shi ma yana da nasa. A jigawa ruwa ba ya zama, yana wuce saiwa ya tafi da taki, saboda haka a raba shi biyu: kashi mafi yawa da asuba, sauran bayan la'asar. A ƙasar fadama mai laka sau ɗaya mai nauyi ya isa. Abin da ya fi ɓarna shi ne tsallake: yau a cika, gobe a fasa, jibi a cika. Haka ne ke sa gindin tumatir da tattasai ya yi baƙi ya lotsa, mutane su ɗauka cuta ce su sayi maganin feshi, alhali sinadarin kalsiyam ne ya kasa isa ga ɗan saboda ruwan da ke yankewa. Shimfiɗar ciyawa ko ƙaiƙayi mai kaurin santimita 5 tana rage ƙafewa ƙwarai, sai dai a bar tazarar yatsu uku daga gindin shuka, kuma a riƙa ɗagawa ana duba gara.

A kwarin Korama ruwa yana kusa, 'yan mitoci ƙalilan, shi ya sa rijiyar tiyo da ɗan injin ban ruwa suka yaɗu. Injin da ke zuƙa daga sama ba ya ɗaga ruwa fiye da mita 7 ko kusa da haka. Bazara tana nisa ruwan ƙasa yana ja baya, sai inji ya fara shan iska yana tofarwa, mai shi ya kai shi wajen makanike ba laifin komai. Maganin a haƙa rami mita ɗaya ko biyu kusa da bakin tiyon a sauke injin ciki, a kuma duba mahaɗar tiyo kada iska tana shiga. A kwaruruwan Gidimuni da Gure matsalar wata ce: rana tana janyo kanwa sama, ƙasa ta yi fari-fari, bakin ganye ya ƙone. Yayyafi kaɗan-kaɗan ƙara ta yake. Sai an yi ban ruwa mai yawa lokaci-lokaci ya wanke ta ƙasa, a kuma shuka a gefen kunya, domin a ƙololuwa take taruwa.

Iskar gabas mai zafi tana busar da ganye ko da ƙasa a jiƙe take. Darnin kara ko zana mai tsawon mutum a gabas da arewa yana kare fili har ninkin tsawonsa wajen goma, kuma wanda iska ke ɗan ratsawa ya fi wanda aka toshe ruf. Tsofaffin lambunan Mirya da Gidimuni sun daɗe da gane inuwa: dabino ko mangwaro a sama, lemo a tsakiya, ganye a ƙasa.

Ƙwari ma suna bin yanayi. Busasshen zafinmu na jan gizo-gizo ne da farin ƙuda mai kawo nannaɗewar ganyen tumatir. Gaya, mai samun kimanin milimita 800 a shekara, ninki biyu na abin da Damagaram ke samu, damshi yana riskarta tun Mayu, ruɓa da tabon ganye suka fi damunta. Maganin can ba na nan ba ne. Ga namu, a daka ƙwayar dogon yaro rabin kilo, a jiƙa a lita 10 ta kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da maraice a ƙarƙashin ganye, a maimaita duk mako.

Abin da ke jure bazara sananne ne: kuɓewa, alayyafo, rama, yakuwa, lalo, zogale, kankana, yalo, barkono. Salati yana miƙewa ya yi ɗaci, irinsa ma ba ya tsirowa a ƙasar da ta haura digiri 30.

A cikin gari lissafin na jarka ne. Birnin Damagaram a kan dutse yake zaune, ruwansa daga nesa ake jawowa, Gogo-Macaya da Arunguza da Ganaram, kuma a bazara farashin 'yan garuwa yana hawa. Mai 'yan tukwanen ganye a tsakar gida sai ta koma ga ruwan alwala da na wanke shinkafa, ban da mai omo. Ɗakin soro na tsohuwar unguwar Birni yana riƙe sanyi da rana ya saki zafi da dare, na kwano kuwa tanda ne da azahar amma yana hucewa da wuri, dukansu dai tsakar gida ake kwana. Bushewar iskar tana da amfaninta: randa da tulu suna sanyaya ruwa sosai, haka tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen rairayi a tsakani, dabarar da Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa, tana riƙe tumatir da yalo kwanaki da yawa. A Kwatano ko Legas, inda zafin bai wuce digiri 33 ba amma iska cike take da ruwa, da wuya ta yi wannan aiki. Bushewar nan da ƙura kuma su ne lokacin sanƙarau, wanda ke lafawa da zarar ruwa ya sauka. Zazzaɓi da sandarewar wuya, musamman ga yaro, likita ake kai shi ran nan.

Ruwan farko yana hawowa daga kudu: Gaya a Mayu, Magariya a Yuni, Damagaram ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, Tanut bayan nan, Agadas sai Yuli da Agusta. Holoƙo ne ke riga shi, kuma shi ke kaɗe mangwaro ya kwantar da darni. Da an ga gabas ta fara ja da maraice, a ƙara wa darni dirka, a fito da inji daga ramin da aka sauke shi kafin ya cika da ruwa, a gyara rufin rudun albasa, a kuma ɗaga fangalin damina santimita 15 zuwa 20 sama da ƙasa maimakon kwarin da aka saba yi da rani.