Darussan da Na Koya a Kogwannin Ruwan Tulum

Ƙarshen wannan watan zan ajiye aikin ja-gorar masu nutso a Tulum, gabar Yukatan ta ƙasar Meziko. Wanda zai gaje ni ya nemi in ba shi shawara, shi ya sa na rubuta wannan.

Ka riga ka san ƙa'ida: ja-gora ɗaya, baƙi huɗu, ba a wuce inda hasken rana ke kaiwa, ba a rabuwa da igiyar da ke nuna hanya a cikin kogo. Iskar tukunyar da mai nutso ke shaƙa kashi uku ce, ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya na ko-ta-kwana. Wanda ya shiga da 210 a ma'aunin iskar tukunyarsa, a 140 zai juyo. Kuma duk wanda ya ɗaga babban yatsa, nutso ya ƙare, babu tambaya. Kowa ya haddace wannan. Abin da ba a faɗa maka a aji shi ne, mai neman ka karya ta yana zaune a shagon da ke shirya nutso, ba ya ko jiƙa ƙafa.

A kogon ruwan Dos Ojos abin ya faru, lokacin cinkoson baƙi na Disamba. Maigidan shagon ya haɗa ni da mutum shida, na ce huɗu zan ɗauka. Ya ce zurfin wurin bai wuce mita 10 ba, me nake tsoro? Kamar zurfi ne ke kashe mutum a kogo. Rufin dutse ne ke kashewa, don idan abu ya ɓaci ba ka da sama da za ka taso. Na tafi da huɗu. Muna tsakiyar hanya wani baƙo mai numfashi kamar zugazugin maƙeri ya cinye kashinsa na shiga, ga shi yana ta harba ƙafa yana tayar da laka. Na ɗaga yatsa, muka fito. Ya koma shago ya ce an cuce shi, bai ga rabin abin da ya biya ba.

Maigida bai nemi jin ta bakina ba. A gaban baƙon ya ce, "Kai dai ba ka iya tafiyar da mutane ba." Ya mayar masa da kuɗinsa, ya zaftare daga albashina, har da na mutum biyun da na ƙi ɗauka. Mako na zagayowa kuma yana nuna wa sababbin baƙi takardar shaidata ta nutson kogo da ke manne a bango, yana cewa shagonsa ba ya wasa da rai. Ban ce masa komai ba. Ban kuma taɓa ɗaukar na biyar ba har yau.

Ka tuna wurin da kake shiga. A 2018 ne aka gano mahaɗar kogwannin Dos Ojos da na Sac Actun, tsawon hanyoyinsu a lokacin ya kai kilomita 347. Bayan allon gargaɗin nan mai hoton ƙwarangwal, duhun da ke gaba ba na mai tukunya ɗaya ba ne, ko ya yi rantsuwa cewa ya yi nutso a duk tekunan duniya. Irin waɗannan ma sun fi wahalar da ni, don sababbi suna jin magana.

Sauran a taƙaice. Duba ma'aunin baƙo da idonka, kada ka yarda da alamar hannunsa. Koya musu bugun ƙafa irin na kwaɗo tun a bakin ruwa. Tocila uku, ka gwada kowace da kanka. A kogon Chac Mool, inda ruwan daɗi ke haɗuwa da na gishiri, ido yana dishewa, ka gargaɗe su kafin su firgita. Wanda ya miƙa hannu zai taɓa duwatsun da ke rataye a rufi, ka hana shi ko zai hana ka tukuici.

Kuma ka riƙa rubuta adadin baƙinka da lokacin da kuka juyo a littafinka na kanka, ba na shago ba. Nawa yana nan, zan tafi da shi, da lissafin kuɗin Disamba da har yanzu ba a biya ni ba.