Giram 400 da hukuncin da na sa wa hannu cikin gaggawa

Takardar da sifeton motoci ya aiko mini ba ta wuce layi biyu ba. Kat ɗin, wato ƙaramar motar tsere mara rufi, da ya zo na ɗaya a tseren ƙarshe na ajin matasa, an ɗora shi a sikeli tare da direbansa ya ba da kilo 144.6, alhali ƙa'idar ajin ta ce kada ya gaza 145. Giram 400 ke nan, bai kai nauyin ledar fiyawota guda ba. Ni ne shugaban alƙalan tsere a ranar, a wani filin kat da ke bayan garin Accra, kuma ban yi minti biyar da karanta takardar ba na sa hannu a kan soke nasarar yaron. Ban kira shi ba, ban kira mahaifinsa ba. Wannan sa hannun ne ya ɓata gasar baki ɗaya, kuma har yau idan na tuna sai raina ya sosu.

Ɓarnar dai ta faro tun daga yadda aka naɗa mu. Ranar Laraba mai shirya gasar ya bugo mini waya, tsere ranar Lahadi, na ce to. Babu takardar naɗi, sunayenmu ba su fito a takardar ƙa'idojin gasar ba, sauran abokan zamana biyu kuwa sai da safiyar ranar na gan su. Ba haka ake yi ba. A dokar FIA, hukumar tseren motoci ta duniya mai hedkwata a Paris, alƙalai ba sa gaza uku a gasar ƙasa da ƙasa, ɗayansu shugaba ne, kuma shi ke raba gardama idan ƙuri'a ta zo daidai. A Formula 1, babbar gasar tseren motoci ta duniya, FIA ke naɗa aƙalla uku, hukumar tseren ƙasar da ke karɓar baƙunci ta kawo ɗaya, kuma tun 2010 ake zaunar da tsohon direba a cikinsu. Alain Prost ne ya fara zama a Bahrain a shekarar. Gasarmu ƙarama ce, amma tushen ɗaya ne: hukumar da ta ba da izinin tseren ita ke naɗa alƙali ko ta amince da shi, a rubuce, a buga sunansa tun kafin ranar, domin wanda ke da ƙorafi a kansa ya faɗa da wuri. Idan wani bai zo ba, sauran alƙalan ne ke zaɓar madadinsa, su liƙa sanarwa a allo. Dokar ta kuma hana naɗa mutumin da ke da alaƙa da kasuwancin da zai amfana da sakamakon tseren. Wannan sharaɗin ban ko tambaya ba.

Alƙali ba ya gudanar da tsere. Tuta, masu tsaron kwana, motar asibiti, tashin motoci da tsayar da su, duk na shugaban fili ne. Sifeton motoci awo kawai yake yi ya kawo rahoto, ba ya yanke hukunci. Mu kuma ba ma ƙarƙashin mai shirya gasa, ga hukumar da ta naɗa mu muke ba da bahasi. Amma a ranar teburinmu da nasa ɗaya ne, a rumfa ɗaya. Sau biyu ya sunkuyo yana cewa manyan baƙi sun gaji, magariba ta kawo kai, a raba kyaututtuka mutane su kama hanya kafin cunkoso. Da a ɗaki na daban muke, ƙofa a rufe, da wannan maganar ba ta shiga kunnena ba a daidai lokacin da alƙalami ke hannuna.

Abin da ya ruɗe ni shi ne laifin rashin nauyi ba shi da uzuri. Duk mai harkar ya san kat yana raguwa a kan fili. Litar fetur guda tana kai wajen giram 750, taya tana cinyewa, direba yana zubar da gumi, balle a zafin Accra cikin rigar tsere da hular kwano. Shi ya sa makanike mai hankali yake lissafi da tanki kusan fanko, ya ƙara dalma a jikin kujera, kowane gunduma da ƙusoshi biyu masu noti da kaurinsu bai gaza milimita 6 ba, ya bar rarar kilo guda. Alhakin cika nauyi yana wuyan mai motar, kuma dokar ta faɗa ƙarara cewa ba hujja ba ce mutum ya ce bai ƙaru da komai a gudu ba. Sai na ce a raina, tunda babu abin da zai faɗa ya tsira, kiransa ɓata lokaci ne. Nan na kauce. Dokar da ta hana uzuri ita ce kuma ta ce soke sakamako, dakatarwa da kora ba sa hawa kan mutum sai an kira shi an ba shi damar kare kansa. Ba don ya roƙi sassauci ake kiransa ba. Ana kiransa ne domin a wurin zaman ake tambayar awon kansa: wane sikeli, wa ya gani, an maimaita ko ba a maimaita ba.

An riga an miƙa kofi ga yaron da ya zo na biyu lokacin da mahaifin wancan ya iso teburinmu. Dattijo ne daga zangon Madina da ke gefen Accra, bai ɗaga murya ba.

"Malam, idan ɗana ya yi laifi ku hukunta shi, ban hana ba. Amma haka ake shari'a, ba a ji ta bakin mutum ba?"

Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri, sikeli ba ya ƙarya."

Ya ce, "Wane sikelin? Na safe, ko wanda yaranku suka ɗauke da aka fara ruwa?"

Ban san an taɓa sikelin ba sai a bakinsa. Da safe yana kan daɓen siminti a bakin ƙofar shiga. Wajen azahar yayyafi ya sauko, sai yara suka janye shi zuwa ƙarƙashin rumfa, suka shimfiɗa katako a kan tsakuwa suka ɗora shi. Babu wanda ya sake gwada shi. Muka je da fitilar waya muka duba: kusurwa ɗaya ba ta zauna ba, idan ka taka ta sai farantin ya ɗan girgiza. Muka ɗauko duwatsun gwaji muka aza a tsakiya, muka mayar da su gefe, lambar ta sauya da fiye da rabin kilo. Sikelin da ke yawo da rabin kilo, shi na dogara da shi na yanke hukuncin giram 400.

Da na kira su a kan lokaci, gyaran minti goma ne. Kat ɗin yana cikin killataccen wurin da ake tsare motoci bayan tsere, babu mai taɓa shi, yaron yana tsaye da kayansa bai sha komai ba. Sai a mayar da sikeli kan siminti, a gwada shi a gaban mahaifin, a sake awo sau biyu, kowa ya sa hannu. Ko ya cika ko bai cika ba, magana ta ƙare a nan. Amma ina sa hannu aka buɗe shingen. Kafin mu gano matsalar, kat ɗin yana bayan a-kori-kura, an zuƙe sauran man, yaron ya tuɓe rigar tsere ya sha ruwa ya ci waake, wato shinkafa da wake. Hanyar tabbatar da gaskiya ta toshe ke nan har abada, ga shi da kuma wanda aka ba kofin.

Wanda ya bibiyi tseren Formula 1 na Beljiyam na 2024 ya ga yadda ake yin abin daidai. George Russell na kamfanin Mercedes ya zo na ɗaya a filin tsere na Spa, aka zuƙe man motarsa aka auna ta ba da kilo 796.5 maimakon 798. An auna ta a sikeli biyu, an tabbatar da ingancin sikelin a gaban mutanen Mercedes, an kira wakilinsu gaban alƙalai ya amsa cewa awon daidai ne, sannan aka soke nasarar ta koma hannun Lewis Hamilton. Hukuncin iri ɗaya ne da nawa. Nasu ya tsaya domin sun bi matakan, nawa ko wata bai yi ba.

Na so in yage takardar a daren, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Hukuncin da aka sa wa hannu aka liƙa a allo ba a janye shi don alƙali ya yi nadama. Alhaji ya san hakkinsa. Cikin awa ɗaya da liƙa hukuncin ya kawo sanarwar niyyar ɗaukaka ƙara a rubuce, na karɓa na rubuta lokaci, sannan ya shigar da cikakkiyar ƙarar da kuɗinta kafin awa 96 su cika. Kwamitin da ya saurari ƙarar bai ma shiga zancen nauyi ba. Tambaya ɗaya aka yi mini: ina takardar kiran da ka ba mai motar? Babu. Aka rushe hukuncin.

Abin da ya fi yi mini ciwo ya zo bayan nan. Sai da aka je gidan wani yaro ɗan shekara goma sha uku aka karɓo kofin da ya yi makonni yana nuna wa abokansa, shi kuwa bai yi laifin komai ba. Sannan maganar alƙali na uku ta fito. Ashe yana da shagon kayan gyara a kasuwar Abossey Okai ta Accra, kuma a wurinsa mahaifin yaron na biyu yake sayen sarƙa da man inji. Mutumin kirki ne, ni shaida ne bai ce uffan ba lokacin hukuncin, ni na yi gaggawar. Amma wa zai yarda? A unguwannin Accra, daga Nima har Sabon Zango, labarin da ya zaga shi ne an haɗa baki. Da an buga sunayenmu mako biyu kafin tsere, da wani ya yi magana an sauya shi cikin mutunci, da kuskurena ya tsaya a matsayin kuskure.

Yanzu ba na karɓar aikin sai da takardar naɗi, kuma a zaman farko nakan tambayi abokan zamana ɗaya bayan ɗaya ko akwai mai ciniki ko dangantaka da wani mai mota, a rubuta amsar. Da safe ni da kaina nake zuwa wurin sikeli. Dole ya zauna a kan siminti, a duba daidaitonsa da ma'aunin magina mai ɗigon ruwa, a aza duwatsun gwaji a tsakiya da kusurwa huɗu, a zagaye ƙafafunsa da fenti domin idan ya gusa a gani. Idan ruwa ya sauko, rumfa ake kawowa kansa, shi ba ya motsi. Kat ɗin da ya gaza nauyi ana sauke shi, a mayar da sikeli sifili, a sake ɗora shi, mai motar yana kallo, ya sa hannu a kan lambar. Direba ba ya shan ruwa, ba a zuba masa a ka, sai an gama.

Shingen kuwa makullinsa yana aljihun sifeto, kuma ba ya buɗewa sai da izinina a rubuce. Ana liƙa sakamakon wucin gadi da lokacin liƙawa a jikinsa, daga nan ake ƙirga minti 30 na shigar da ƙorafi, kuma babu kofin da ke barin tebur kafin su cika, ko wane ne babban baƙo. Takardun kira nakan buga guda ashirin tun daga gida, da gurbin lambar mota, laifin da ake tuhuma, sashen dokar, da lokacin zama. Idan direban yaro ne, da wanda ya yi masa rajista ake kiransu tare. Wanda ya kai takardar ba ya dawowa sai da sa hannun wanda aka kira da lokacin da ya karɓa, kuma kwafin nan shi nake fara sawa a fayil kafin mu zauna.