Ƙullin bayan kunne da ba ya ciwo: cutar Kimura

Kaluluwa dai kowa ya santa, mutum ya yi ciwon haƙori ko maƙogwaro sai ta fito a wuya tana zafi, ciwon na warkewa ita ma ta sace. Wadda nake son magana a kai daban take. Ƙulli ne da ke fitowa a bayan kunne ko gefen muƙamuƙi ko a wuya, ba zafi ba zazzaɓi, yana girma a hankali har shekaru, wani lokacin sai dai fatar wurin ta riƙa ƙaiƙayi.

Sunanta cutar Kimura. A ƙasar Sin aka fara rubuta labarinta a 1937, sannan a 1948 wani likitan Japan mai suna Kimura da abokan aikinsa suka yi cikakken bayaninta. An fi ganinta a matasan maza 'yan Asiya amma tana samun wasu ma, kuma ba ta da yawa ko kaɗan shi yasa ake saurin ɗaukarta a matsayin tibin kaluluwa ko kansa, wato ciwon daji. Toh ba kansa bace kuma ba a ɗaukarta daga wani. Ana zaton garkuwar jiki ce ke wuce gona da iri, in an gwada jini sai a ga wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira iyosinofil sun yi yawa, irin waɗanda ke hauhawa in mutum na da asma ko tsutsar ciki, wani sinadarin garkuwar jiki da ake kira IgE ma ya hau. Gwajin jini kaɗai bai isa ba, sai an yanki tsokar ƙullin an duba a lab.

Abin da ya fi damuna wallahi shi ne ƙoda. Hankalin kowa na kan ƙullin tunda shi ke ɓata fuska, alhali a wasu masu cutar ƙoda na zubar da furotin ta fitsari, fitsarin ya riƙa kumfa, ƙafafu da fatar ido su kumbura, kuma wannan kan iya zuwa kafin ƙullin ya fito ko bayansa. A ganina duk wanda aka ce yana da Kimura kar ya yarda a sallame shi ba a gwada fitsarinsa ba, kuma a ci gaba da gwadawa lokaci lokaci.

Maganin kuma sai haƙuri, ana tiyata a cire amma ya kan dawo. Maganin rage kumburi mai suna prednisolone na sa ya sace da sauri sai dai in an rage ko an daina sau da yawa ya sake tasowa, ga shi shan sa na dogon lokaci na kawo hawan jini da suga da raunin ƙashi. In ya ƙi ji ana gwada cyclosporine, maganin da ke danne garkuwar jiki, ko a gasa ƙullin da hasken na'ura mai sauƙin ƙarfi, wanda ƙullinsa ƙarami ne bai dame shi ba kuwa likita na iya cewa a bar shi ana dai sa ido.